Cin Amarci A Ƙasar Maroko: Otal-otal Ɗin Da Suka Gaji Sarauta

 Tun ranar da muka yi zancen kayan lefe a wannan fili wasiƙunku suke ta shigowa, kuma da yawansu tambaya ɗaya suke ɗauke da ita: "Anti, idan Allah Ya kawo miji mai hali, wace ƙasa ta fi dacewa a je cin amarci?" Ni dai marubutanmu na littattafan soyayya na ɗora wa alhakin wannan tambaya, domin kuwa da wuya ki kai ƙarshen littafi ba ki ga ango ya ɗauki amaryarsa sun lula Dubai ko Landan ba, a sauke su a wani otal wanda ita kanta marubuciyar ba ta san sunansa ba, sai dai ta ce miki "wurin ya haɗu iya haɗuwa", shi ke nan ta wuce.

To yau ba Dubai za mu ba. Dubai sabon kuɗi ce, gilashi ne da ƙarfe da hasken lantarki. Ƙasar Maroko zan kai ku, inda otal yake da asali da kakanni kamar ɗan sarauta, inda za ki kwana a ɗakin da aka sassaƙa rufinsa tun kakar kakarki ba ta zo duniya ba. Garuruwa uku na zaga: Marakesh da Fas, tsofaffin biranen sarauta, sai kuma Assawira da ke bakin teku. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja da Yamai ya sauka a Kasabalanka, tafiyar ba ta wuce awa biyar. Mai fasfon Najeriya sai ta nemi biza tukuna. Daga Kasabalanka jirgin ƙasa ne zai kai ki Marakesh cikin kamar awa uku.

Lambun da aka ba ango

Tun daga nesa za ki gane dalilin da ya sa ake ce wa Marakesh jan birni. Ganuwarsa ja ce, gidajensa ja ne, har sai da na tuna badalar Kano kafin a cinye ta. An kafa garin wajen shekarar 1070, kuma har gobe hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77 ita ce alamarsa, duk inda kika ɓata ki ɗaga kai za ki hango ta. 'Yar tafiya kaɗan daga wannan hasumiya, a jikin ganuwa, nan La Mamounia yake, otal ɗin da duk mai maganar otal-otal na duniya sai ya ambace shi.

Abin da ya fi burge ni game da shi, asalinsa ma daga aure ne. Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ya mulki Maroko daga 1757 zuwa 1790, yana da al'adar ba wa 'ya'yansa maza lambu a matsayin gudummawar aure. Wanda ya faɗa hannun ɗansa Mamun shi ne wannan, kuma a cikinsa yariman yake shirya liyafa da shaƙatawa. Sai a 1923, zamanin da Faransa take riƙe da ƙasar, aka gina otal a cikin lambun aka laƙaba masa sunan mai shi. Wato a 2023 ya cika shekara 100 cif. Lambun nan yana nan, ya kai hekta 8, cike da zaitun masu ɗaruruwan shekaru da itatuwan lemo da furanni, ga tsuntsaye suna ta kuka kamar an biya su. Kin ji gudummawar aure, ba kwalla da samira ba.

Ni ba kwana na yi a can ba, kada wata ta ce Anti ta samu duniya ta ɓoye mana. Shan shayin la'asar na je, bayan na kama gurbi tun da wuri. Tun daga ƙofa wasu zaratan samari cikin kayan gargajiya suka wangale mini ƙyaure kamar wata gimbiya. Ina sa ƙafa wani sanyi da ƙamshi suka doke ni, idona kuma ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba, domin da gangan suka rage hasken wurin, sai fitilu masu ado suna zuba haske kan ginshiƙai. Bango da daɓe duk an lulluɓe su da abin da suke kira zallij, wato ƙananan gutsattsarin tangaran masu launi da ake yankawa da hannu ɗaya bayan ɗaya a jera su su ba da zane. Sama kuwa katakon al'ul ne da aka sassaƙa aka yi masa fenti. Ko'ina ka juya ruwa ne yake zuba a hankali cikin kwatarniyar marmara. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallon wani bango guda, har wata ma'aikaciya ta matso ta tambaye ni ko wani abu nake nema.

Baƙon da ya zo kwana, da dabino da madara mai ƙamshin furen lemo ake tarbarsa. Ɗakunan sun haura 200. Winston Churchill, firaministan Ingila na zamanin yaƙin duniya na biyu, nan yake zuwa gudun hunturun ƙasarsu, ya zauna a baranda yana zana duwatsun Atlas masu farar ƙanƙara a ka, har yau akwai ɗakin da ke ɗauke da sunansa. A 2021 masu karanta mujallar Condé Nast Traveler suka zaɓe shi otal na ɗaya a duniya. Suna da doka kan shiga: mai silifas ɗin wanka ko guntun wando daga ƙofa ake juya shi. Mu kam wannan ba ta dame mu ba. Ki sa leshinki ko atamfarki, ki kafa ɗauri, ki yafa mayafi, za ki ga Turawan wurin suna satar kallonki. Sai dai ki sani akwai mashaya a ciki, akwai kuma gidan caca a gefe, ba kowace ƙofa ce taki ba.

Yanzu bari mu zo ga inda gizo yake saƙa. Ɗaki mafi sauƙi a La Mamounia yakan haura dala 500 a dare ɗaya, ban da abincin rana da na dare. Ki ɗauki biro ki buga da canjin yau. Kuɗin kwana uku sun isa su yi wa amarya gado da katifa da kujeru.

Kuma duk da haka akwai wanda ya fi shi tsada a garin. Royal Mansour ke nan, wanda Sarki Muhammadu na Shida ya sa aka gina, aka buɗe a 2010 bayan masu sana'ar hannu sama da 1,000 sun shafe shekaru suna aiki. Shi babu zancen ɗaki a cikinsa. Gidaje ne guda 53, kowane baƙo da nasa, hawa uku, da tsakar gida da falo da ɗan kwamin wanka a kan soro. A ƙarƙashin ƙasa kuma an haƙa hanyoyi da ma'aikata suke bi su ɓullo ta ƙofar baya, ta yadda za ki fita ki dawo ki tarar an gyara gado an ajiye shayi, ba ki ga ƙeyar kowa ba, sai ka ce aikin aljanu. Dare ɗaya ya haura dala 1,000. Ni dai in kun tambaye ni, wannan tsari bai kwanta mini ba. Mu da muka saba a yi sallama a gaisa a tambayi gajiya, gidan da ba ka ganin mai yi maka hidima balle ka ce masa sannu, ai kaɗaici ne aka saya da tsada.

Da magariba ta yi, kowa da kowa, mai kwana a gidan dala dubu da mai kwana a na dala ashirin, dandalin Jami'ul Fana suke nufa. Masu wasa da maciji irin gardawanmu, masu ba da labari, masu matse lemo, hayaƙin gasasshen nama ya turnuƙe sama. A nan zan ja kunnen ƙannena: akwai mata masu lalle da za su cafke hannunki su fara zane ba ki ce a yi ba, sannan su tsuga kuɗi. Ki riƙe hannunki. Musamman ki guji baƙin lalle, domin ana zuba masa sinadarin rinin gashi wanda yake ƙona fatar wasu ya bar tabo. Masu tambaya game da girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 kuwa, ta hallaka mutane kusan 3,000, akasarinsu a ƙauyukan kan duwatsu. Tsohon garin Marakesh ya taɓu, amma otal-otal sun ci gaba da aiki, har Bankin Duniya ya yi babban taronsa a can wata guda bayan haka.

Gidan da ya juya wa titi baya

Daga Marakesh zuwa Fas yini ne a jirgin ƙasa, wajen awa bakwai, ki tanadi guzuri. A Fas ne na fahimci abin da ake kira riyad, kuma a ganina duk wadda ta je Maroko ba ta kwana a riyad ba, to da sauranta. Riyad tsohon gidan attajiri ne ko na basarake da aka gyara aka mayar masauki. Daga waje ba za ki ba shi ko sisi ba: dogon bango babu taga, sai wata tsohuwar ƙofa a ƙarshen lungu mai duhu. Har na fara zargin yaron da ya turo mini kaya a baro ko ya kawo ni wani kango ne. Ana buɗe ƙofa muka bi wani ɗan siririn zaure mai lanƙwasa, sai ga ni tsulum a tsakar gida mai daɓen zallij, ruwa yana tsiyaya a tsakiya, itatuwan lemo huɗu, ɗakuna sun kewaye ta hawa biyu, sama kuma a buɗe. Tirƙashi! Tsarin gidanmu ne na gargajiya sak, zaure ya tsare idon baƙo, duk kyan gida yana ciki inda mata suke. Bambancin kawai su sun adana nasu suna cin kuɗi da shi, mu kuma muna rushe namu muna dasa bulo.

Wanda na sauka ɗakuna takwas ne kacal, ba a kwana biyu ba mai girkin gidan ta san ba na son sukari da yawa a shayi. Da safe a kan soro ake karyawa, da wata waina mai ƙananan huji kamar sinasir wadda suke ce wa bagrir, a kwarara mata zuma da man shanu, ga zaitun ga ruwan lemo, garin Fas gaba ɗaya a shimfiɗe a gabanki. Da asuba kuwa kiran salla daga ɗaruruwan masallatai yake tashi lokaci guda, wannan ya kama wancan ya saki, tsigar jikinki sai ta tashi. Irin wannan riyad mai kyau da tsafta ana samunsa a wajen dala 100 zuwa 200, da karin kumallo a ciki. Masu son na ƙasaita akwai Riad Fès da Palais Faraj da Palais Amani. Akwai kuma tsohon Palais Jamaï da waziran Sarki Hassan na Ɗaya suka gina a 1879. Sarkin yana rasuwa a 1894 aka kama su aka ɗaure, aka ƙwace dukiyarsu, gidan ya zama otal a 1930, sannan a 2014 aka rufe shi domin gyara.

Abu biyu za ki tambaya kafin ki biya kuɗin riyad. Na farko, ko ɗakin yana da abin ɗumama ɗaki, domin sanyin Fas a watan Disamba da Janairu ya fi na Jos cizo, tsohon gini kuma riƙe sanyi yake yi. Na biyu, nisansa da inda mota take tsayawa. Tsohon garin Fas lunguna ne wajen 9,000, mota ba ta shiga, jakai da alfadarai ne suke dakon kaya. In kin ji an ce "balak, balak!" ki manne da bango, jaki ne tafe. Mai takalmi mai tsini ta bar shi a akwati.

Ku matso kusa 'yan makaranta, wannan taku ce. A tsakiyar garin nan akwai masallaci da jami'ar Ƙarawiyyin, wadda littafin Guinness ya lissafa a matsayin jami'a mafi daɗewa da har yanzu take aiki a duniya. Kamar yadda marubuta tarihin Fas suka rawaito, mace ce ta kafa ta a shekarar 859, Fatima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri da ya yi ƙaura daga Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya. Gadon mahaifinta ta zuba a ginin, 'yar uwarta Maryam ita ma ta gina masallacin Andalus a ɗaya ɓangaren garin. Turawa masu yawon buɗe ido daga bakin ƙofa suke leƙe, domin ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. Ni kuwa na cire takalmi na shige ɓangaren mata na yi la'asar ɗita. Ba nisa daga nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a Fas a 1815. A wannan unguwa kada ki yi mamaki in kin ji an ce miki "sannu Hajiya", domin masu ziyara daga Kano da Zariya da Damagaram da Kumasi ba sa yankewa, har 'yan kasuwar layin sun tsinci gaisuwarmu.

Na kuma leƙa majemar Shuwara, inda ake jeme fata a cikin ramuka masu launi kala-kala kamar marinar Ƙofar Mata. Wari kam ba a magana, shi ya sa suke miƙo miki ganyen na'ana'a ki toshe hanci. Mai shagon yana ta yi mini kurin fatar Maroko, ni kuwa ina murmushi, domin wani kaso mai yawa na fatar da Turawa suka daɗe suna kira "fatar Maroko" ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda majeman ƙasar Hausa suka jeme, fatake suka ƙetara Sahara da ita, ta bi ta tashoshin arewacin Afirka ta shiga Turai da sunan wasu.

Amare kuma ga naku: hammam. Kusan kowane babban otal da riyad yana da shi, kuma cikin unguwa akwai na talakawa, mata da lokacinsu maza da nasu. Ɗaki ne mai tururi, a shafe ki da baƙin sabulun zaitun, a bar ki ki yi laushi, sannan wata ƙaƙƙarfar mata ta sa safar hannu mai kaushi ta dirje ki tun daga wuya har tafin ƙafa. Dattin da zai fito sai kin rantse ba ki taɓa wanka ba. Daga nan a shafa miki wani yumɓu da suke kira gasul a wanke. Dilka da halawa suna da nasu matsayi, amma wannan ma ba baya ba. Ki dai tabbatar kin ce mace kike so ta yi miki, domin a wasu manyan otal-otal sai an faɗa.

Wata magana tsakanina da ku

Akwai wasiƙar da ta hana ni barci. Wata ƙanwata 'yar aji shida ta rubuto cewa wani mai kuɗi da ke zuwa wurinta zance ya ce zai yi mata fasfo ya kai ta hutu ƙasar waje "kafin a yi maganar aure", ta ce wa iyayenta gidan ƙawarta za ta a Abuja. Ƙanwata, ki saurare ni da kyau. A Maroko sashe na 490 na dokar laifuka ya haramta tarayyar mace da namiji ba aure, hukuncinsa ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya. Shekara da shekaru otal-otal suna neman takardar aure kafin su ba mace da namiji Musulmi ɗaki ɗaya. A 2024 ministan shari'ar ƙasar, Abdullatif Wahbi, ya ce babu dokar da ta ba otal ikon neman takardar, amma shi sashe na 490 bai taɓu ba. Wannan ta fuskar hukuma ke nan. Ta ɗaya fuskar kuma, ki yi tunanin kanki a ƙasar da ba kya jin Larabcinsu ba kya jin Faransanci, fasfonki da tikitinki suna aljihun wani, babu wanda ya san inda kike a gidanku. Ranar da ya ga dama ya sa kai ya bar ki da lissafin ɗaki, wa za ki kira? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Namijin da yake son ya nuna miki duniya, ƙofar gidanku a buɗe take, ya turo magabatansa. Hotunan da kike gani a waya na 'yan mata a bakin kwamin wanka, ba a ɗaukar hoton kukan da ake yi bayansu.

Ku kuma amaren gaskiya, ku tafi da takardar shaidar aurenku, ba ta da nauyi. Sannan kada ki tasa bawan Allah a gaba da mita sai ya kai ki inda ƙawarki ta je, bayan ya gama fama da lefe da sadaki da kuɗin haya. Na san gidan da aka dawo daga cin amarci da bashin da ya kai su shekara ana rigima a kansa. Daidai ruwa daidai tsaki: ku sauka a riyad mai kyau, rana ɗaya ku ci ado ku je La Mamounia shan shayi, ku zaga lambun Mamun, ku yi hotunanku. Wanda ya ga hoton ba zai tambaye ki lambar ɗaki ba. In kuma kun sauka a babban otal, ki sani ɗan firjin da ke ɗaki ba kyauta ba ne, duk abin da kika buɗe yana cikin lissafi, kuma ana karɓar harajin kwana a kan kowane mutum ban da kuɗin ɗaki.

Garin iska

Assawira, wanda a tikitin mota za ki ga an rubuta Essaouira, tafiyar kamar awa uku ce daga Marakesh zuwa yamma. Jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai bas ko tasi. Abin mamaki, shi dai wannan Sarki Sidi Muhammadu mai rabon lambu shi ne ya gina garin a shekarun 1760, ya ɗauko wani injiniya Bafaranshe mai suna Théodore Cornut ya tsara masa shi, shi ya sa titunansa suke miƙe ba kamar na Fas ba. Nan ne ayarin raƙuma daga Tambutu suke sauke zinariya da hauren giwa da gashin jimina a loda wa jiragen ruwa, har ana yi masa kirari da tashar Tambutu. A 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Bayan jan Marakesh, nan komai fari ne da shuɗi: farin bango, shuɗiyar ƙofa, shuɗayen kwale-kwale a jere a tasha. Lokacin da Marakesh take ƙuna zafi ya haura 40, nan sai kin nemi rigar sanyi da yamma. Amma fa wadda take mafarkin kwanciya a bakin teku irin na fim ta sake shiri, domin iskar garin nan ba ta da wasa, ta fizge mayafi ta cika miki ido da yashi, ruwan kuma sanyi ƙarara. Ki sa hijabi mai nauyi ko ki tanadi fil. Daɗin Assawira shi ne yawo a kan ganuwar teku inda aka jera tsofaffin igwa na tagulla, igiyar ruwa tana dukan duwatsu a ƙasa, rana tana faɗawa cikin teku kina kallo. In akwai wurin da ya dace ango ya faɗi kalaman da ya haddace, to nan ne.

Otal ɗin da ya fi suna a cikin ganuwa shi ne Heure Bleue Palais, tsohon gidan wani basarake a bakin ƙofar gari da ake kira Bab Marakesh, mai tsakar gida cike da shuke-shuke da kwamin wanka a kan rufi. Akwai Villa Maroc, tsofaffin gidaje da aka haɗe wuri guda, yana kallon teku, yana kuma cikin riyad na farko-farko da aka mayar otal a ƙasar. Kuɗinsu bai kama ƙafar na Marakesh ba. Abinci kuwa ki bar na otal ki gangara tasha, ki nuna kifin da kike so a gasa miki nan take, a haɗo da burodi da tumatir. Ki yi ciniki kafin a ɗora a wuta.

Da dare na ji wani kiɗa yana tashi daga wani lungu, gabana ya faɗi, domin sai na ji kamar a unguwarmu ake yi. Ƴan Ginawa ne, jikokin bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu na baƙar fata aka ƙetara Sahara da su, cikinsu har da Bambara da Fulani da Hausawa, kuma har yau suna ambaton waɗannan ƙabilu a waƙoƙinsu. Suna kaɗa wata babbar garaya mai tsirkiya uku da suke kira gimbiri, suna buga ƙarafa a hannu waɗanda ba su da maraba da sambaninmu. Suna da wani zaman dare da turare da tufafi masu launi wanda duk wanda ya san bori zai gane ɗan uwansa. Na tsaya a bakin lungun nan ina tunanin wace yarinya ce aka ɗauke daga wane ƙauye, ta rasa kowa nata, ba ta tsira da komai ba sai waƙa. Tun 1998 ake yi musu babban biki a garin kusan duk shekara, galibi a watan Yuni, a 2019 kuma UNESCO ta karrama kiɗan. Lokacin bikin ɗaki yana wuya, sai an kama tun da watanni.

Tsarabar wannan yanki ita ce man argan, wanda ake matsewa daga ƙwallon wata bishiya da ta fi yawa a kudu maso yammacin Maroko. A hanya direba ya tsaya ya nuna mana awaki a kan bishiya. Da yawansu masu su ne suka ɗora su domin a biya kuɗin hoto, su yini a tsaye cikin rana, ni ban ba da ko dirhami ba. Man kuwa ki saya a wurin ƙungiyoyin mata masu fasa ƙwallon da dutse a gabanki. Iri biyu ne: na ci, wanda aka soya ƙwayar kafin a matse, ya fi duhu da ƙamshi, da shi ake yin amlu, wani haɗi na almon da zuma da ake dangwala da burodi. Na shafawa kuma ba a soya shi, ya fi haske, shi ne na gashi da fata. In kin ga babbar kwalba da arha a bakin titi, an surka ta da wani man. Ki naɗe kwalaben a cikin zani ki sa a babban akwati, domin duk ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, ma'aikatan filin jirgi karɓewa za su yi kina ji kina gani.